Ƙananan kifin bas da bakin kogi

Malam, ka tambaya ko 'ya'yan kifin bas, wani kifin tekun Turai, suna hawa kogi yadda namu ke bin ambaliyar Rima zuwa fadama. Da kama, amma ba sa nisa. Iyayen can cikin teku suke zuba ƙwai, wajen Ingila da Faransa, ƙarshen hunturu zuwa bazara. Igiyar ruwa ke kwaso 'ya'yan zuwa bakin kogi, inda ruwan gishiri ke gauraya da na daɗi. Wurin ba zurfi, ga ɗumi, ga ƙananan jatan lande cikin laka. Can ruwan teku kullum yakan cika ya janye: ya cika, su bi shi ƙoramu su ci. Ya janye, su dawo. Sukan shekara kamar 4 nan kafin su fita teku. A Goronyo kam kada ka neme su, giwan ruwa za ka samu.