Baƙar ledar gilashin mota: a kai wa mai sana'a ko yaron gida ya liƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Tawa, ina saro motocin hannu ina sayarwa, ina kuma da guda biyu da nake bayarwa haya zuwa Ƙonni da Agadas. Masu saye da yawa suna son gilashi mai duhu saboda rana. Mai liƙa leda a nan garin ya ce jikka 35 (sefa dubu 35) kowace mota, alhali na ga ledar a kasuwa jikka 8. Yarona ya ce ya kalli yadda ake yi a waya, zai iya. In bar masa ne in rage kashe kuɗi? In ya ƙware ma ina tunanin buɗe masa wuri.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Motar da za ka sayar, kada ka bari a koyi aiki a kanta. Ka kai wa mai sana'a. Maganar buɗe wa yaron wuri kuwa ina goyon bayanta, amma da hanyarta daban.

Jikka 27 da kake gani tsakanin farashin biyu ba duka ba ne kuɗin hannu. Ledar nan iri-iri ce. Mafi araha ita ce wadda aka rina kawai: tana sa duhu, amma zafin da take tarewa kaɗan ne, kuma rana tana cinye rinin har ta koma ruwan shuni, gam ɗin ya saki, ta yi ƙuraje. A garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ya jimawa. Akwai mai ɗan ƙarfe a ciki, tana mayar da zafi sosai, sai dai tana iya raunana sabis ɗin waya da na rediyo a cikin mota, abin da direban hanyar Agadas ba zai gode maka ba. Sai mai kabon, sai ta siramik wadda ta fi su tsada, tana tare zafi ko da ba ta yi duhu can ba. Leda mai kyau tana tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken nan na UV mai ƙona fata da fasa saman dashbod. Abin da ake sayarwa jikka 8 ga mota sukutum, da wuya ya wuce mai rini. Saboda haka tun farko ka tambayi mai jikka 35 ɗin wace iri yake sawa, ya nuna maka kwalinta. In irin ta kasuwa ce yake liƙawa, to farashinsa ya yi yawa, ka yi ciniki.

Yanzu aikin kansa. Abin da waya ba ta nuna wa yaronka shi ne ƙura. Daga ciki ake liƙa ledar, a kan gilashin da aka kankare da reza aka wanke tas, a fesa ruwan sabulu, a ɓare bayan ledar, a ɗora, a bi da roba ana matse ruwan zuwa gefe. A ɗan lokacin da gam ɗin yake a buɗe, duk ƙwayar yashin da ta sauka ta zauna ke nan, kuma kowace za ta bar farin ɗigo da iska kewaye da shi. Ka tuna tsakar gidanka da hunturu, a goge tebur da safe kafin hantsi a iya rubuta suna a kai. Mai sana'ar kirki yana aiki ne a ɗaki rufe, ya yayyafa wa ƙasa ruwa, ya kashe fanka. Wannan ɗakin yana cikin abin da kake biya.

Gilasan ƙofa da sauƙi, mai haƙuri zai iya su bayan ya ɓata kaɗan. Na baya shi ne wurin da ake gane gwani. Yana da lanƙwasa ta kowane gefe, leda kuwa shimfiɗaɗɗiya ce. Sai an ɗora ta a waje tukuna, a bi ta da na'urar hura iska mai zafi har ta tsuke ta ɗauki siffar gilashin, sannan a shigar da ita ciki a falle ɗaya. Zafi ya yi yawa ta ƙone, ya yi kaɗan ta tattare. Ga kuma siraran layukan nan masu ɗumama gilashi, waɗanda a wasu motoci har eriyar rediyo tana cikinsu. In aiki ya ɓaci aka zo cire leda da reza, su ake tsinkewa.

To yi lissafi da kanka. In aikin yaron ya yi daidai ka tsira da jikka 27. In ya ɓaci, jikka 8 ta tafi, ka biya kuɗin cirewa da goge gam, sannan ka biya 35 ɗin da ka guje wa. Abin da ya fi damuna ma shi ne idon mai saye. Wanda ya zagaya mota ya ga leda da ƙuraje da karkataccen yanka, nan take zai fara zargin injin da giya, ya ce an yi mata kwaskwarima, ragin da zai nema kuwa ya ninka jikka 27 nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado, Alhaji.

Ina ma ganin kada ka liƙa wa kowace mota tun kafin mai ita ya zo. Ka bar ta yadda take, in an daidaita ciniki ka ce masa akwai leda in yana so, ga farashi. Ka yi yarjejeniya da mai sana'ar ya rage maka tunda kai mai kawo aiki ne a kai a kai, bambancin ya zama ribarka. Ka nemi ya rubuta maka cewa in ta ɗaga ko ta sauya launi cikin wa'adin da kuka yanke, shi zai sake.

Dalili na biyu na jira shi ne doka. Duhun leda da lamba ake auna shi: 5, 20, 35, 50, 70, wato yawan hasken da take bari ya wuce cikin ɗari. Mai lamba 5 da dare direba ba ya ganin jaki ko amalanke a gefen hanya. Faransa tun 1 ga Janairun 2017 ta hana gilasan gaba su gaza kashi 70. Najeriya tana da dokar hana baƙin gilashi tun 1991, sai da takardar izini daga ƴan sanda, don haka motarka ta haya in za ta tsallaka Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato, ka san da wannan. A nan gida ma, a halin tsaron da ake ciki, motar da ba a ganin na ciki ita ake fara tsayarwa a shinge. Ka je ofishin ƴan sanda da kanka ka ji abin da aka yarda da shi da takardar da ake nema, kafin ka kashe ko dala. Gilashin gaban direba dai kada a taɓa shi.

Shi kuwa yaron, kada ka kashe masa gwiwa, sana'a ce mai ci a ƙasar rana. Ka kai shi wurin wannan mai sana'ar ya yi masa yaron shago na wasu watanni, ko ka tura shi Yamai inda aikin ya fi yawa. A gida ka samo masa tsofaffin ƙofofi da gilashin baya a wurin masu kayan gwangwan, ka saya masa ledar nan ta jikka 8, a nan ne take da amfani. Ranar da ya liƙa gilashin baya sau da yawa a jere ba tattara ba ɗigo, sai ka ba shi ɗaya daga motocin hayarka. Jarin buɗe wurin ba shi da nauyi: ɗaki mai ƙofa da siminti, wutar lantarki, na'urar zafi, robobi, reza, da nadi guda na leda mai kyau, wanda yawanci yake zuwa da faɗin mita 1.52 da tsawon mita 30. Ba mota kaɗai zai yi ba, shaguna da ofisoshi masu gilashi ma suna nema.

Duk wanda ya liƙa maka, ka gaya wa direba kada ya sauke gilashi sai bayan kwana uku, kuma in ya ga ɗan hazo ko ruwa a ƙarƙashin ledar kada ya danna da farce, zai bushe da kansa. Wajen gogewa tsumma mai laushi da ruwa sun isa.