Kwantirolan burauza ko na sabar: wanne zai ɗauki aikin a Salesforce?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa fom ɗin karɓar oda da tubalan Aura (tsarin gina shafuka) a Salesforce, dandalin kula da harkokin abokan ciniki. Mai saye zai zaɓi kaya, ya sa adadi, a lissafa masa kuɗi, a cire ragi idan odar ta yi yawa, sannan a adana. Na ga akwai kwantirola na JavaScript, ga kuma na Apex, yaren shirye-shirye na Salesforce. Wanne ya kamata in ɗora wa aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Fom ɗinka yana bukatar duka biyun, sai dai kowa da gonarsa. Na JavaScript yana gudana ne a cikin burauzar mai amfani, a wayarsa ko kwamfutarsa. Na Apex kuwa yana can a sabar Salesforce, kusa da rumbun bayanai. Kafin ka ajiye kowane aiki, tambayi kanka: in mai amfani ya murɗe wannan lissafin, wa zai yi asara?

Abin da ido ne kawai zai gani, bar wa burauza. Nuna jimilla nan take da zarar an canza adadi, ɓoye wani fili, kashe maɓallin adanawa har sai an cike fom, duk ba sa bukatar zuwa sabar. Kowace tafiya can tana cin lokaci, kuma wanda intanet ɗinsa ke jan ƙafa zai ji a jikinsa. Ka bar kwantirolan ya zama siriri, ya karɓi dannawa ya miƙa wa fayil ɗin helper, domin a can ne ake ajiye abin da za a sake kira.

Ragin nan shi ne inda nake so ka tsaya da kyau. Lambar JavaScript a hannun mai amfani take. Duk wanda ya iya buɗe kayan binciken burauza zai iya canza abin da ake aikawa, ya mayar da ragin kashi 5 ya koma kashi 50. Saboda haka ka nuna ragin a burauza don mai saye ya gani, amma kada ka aika jimillar kuɗi zuwa sabar. Aika lambar kaya da adadi kawai, Apex ya ɗauko farashi daga rumbu ya sake lissafi da kansa. Eh, lissafi ɗaya zai zauna a wuri biyu, kuma na sabar shi ne mai yanke hukunci. Haka batun izini: ɓoye maɓalli bai hana kowa kiran aikin da ke bayansa ba. Ka rubuta ajin (class) na Apex ɗin da with sharing, ka kuma duba ko mutumin yana da damar karanta ko rubuta filayen da zai taɓa, don with sharing layukan bayanai kaɗai yake tsarewa, ban da filaye.

Wajen haɗa su, aikin Apex dole ya zama static, da @AuraEnabled a kansa. A JavaScript ka ɗauko shi da component.get("c.adanaOda"), ka ba shi bayanai da setParams, ka shirya abin da zai faru in amsa ta dawo da setCallback, sannan ka sa shi a layi da $A.enqueueAction. Amsar ba nan take take zuwa ba, don haka duk abin da ya dogara da ita ya shiga cikin setCallback. A cikin matsayin da amsar ke dawowa da shi, mutane da yawa SUCCESS kaɗai suke dubawa. Ka duba ERROR, ka duba INCOMPLETE, wanda ke fitowa idan sadarwa ta yanke, in ba haka ba mai saye zai zauna yana kallon fom bai san ko odarsa ta shiga ba. Saƙon kuskuren da kake so ya karanta kuwa, ka jefa shi da AuraHandledException.

Wani tarko da ke cinye wa mutane yini guda: kada sunan aiki a JavaScript ya zo ɗaya da na Apex. Duka da "c." ake kiransu, sai aikin burauza ya riƙa kiran kansa ba iyaka, shafi ya sandare.

Aura yana tara ayyukan da ke layi ya tura su a buƙata ɗaya, amsoshinsu kuma su dawo tare. Aiki ɗaya mai nauyi zai riƙe sauran, sai ka ware shi da setBackground. A ɓangaren Apex akwai iyaka ga kowace mu'amala: tambayoyin SOQL (na karanta bayanai daga rumbu) 100, umarnin DML (na rubutawa a rumbu) 150, da daƙiƙa 10 na aikin injin. Odar da ke da kaya 120, in ka sa SOQL cikin madauki, a na 101 za ta faɗi. Ɗauko farashin duka da tambaya ɗaya.

Jerin kayan da ba ya yawan canzawa, sa masa cacheable=true don burauza ta riƙe kwafi, amma irin wannan aikin ba ya iya rubuta komai a rumbu, saboda haka adana oda ba ya shiga ciki. Idan kuma rikodi ɗaya ne za ka karanta ko ka gyara, tubalin force:recordData zai yi maka ba tare da Apex ba, ya kuma kula da izini da kansa. In aikin naka sabo ne fil, ka duba Lightning Web Components, sabon tsarin tubalan Salesforce da ya fito a 2019, rabon aikin bai canza ba, sai dai @wire, hanyarsu ta janyo bayanai, yana karɓar aikin Apex mai cacheable=true ne kawai.