Tambaya da Amsa: Baba bai taɓa ba mu labarin soja ba, me zan rubuta?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Wata biyar ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa. Tsohon soja ne, yana cikin waɗanda aka tura Kwango aikin kiyaye zaman lafiya tun yana saurayi. Da ya ajiye kaki sai ya koma karatu, ya zama malamin firamare, ya yi kusan shekara talatin yana riƙe da alli. Mu tara ya bari. 'Yan'uwana sun ɗora mini rubuta ɗan littafin tarihinsa saboda jikoki, tunda ni na gaje shi a aikin koyarwa. Abu biyu suka tsayar da ni. Baba bai taɓa ba mu labarin soja ba. Abin da muka tarar shi ne akwatin ƙarfe, a ciki akwai takardar sallamarsa, lambar girma ɗaya, da hotonsa da shuɗiyar hula. Yayanmu ya ce in rubuta cewa ya yi bajinta kaza da kaza a fagen fama, wai ai babu mai ƙaryatawa. Na biyu, Baba mutum ne mai zafi, a gida ba ya wasa. Kuma akwai dararen da yakan farka a firgice yana kiran sunayen da ba mu sani ba, daga nan ya yi alwala ya tsaya salla har asuba. Yayata ta ce kada in kuskura in sa wannan, tona asirin mamaci ne. Malam, me zan rubuta, me zan bari?

Daga wata malamar makaranta

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka makwancinsa, ya sa ya huta, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi. Sau uku na karanta takardarki kafin in ɗauki biro, domin ta tayar mini da wani mutum da na daɗe ina ɗauke da shi a raina.

Ina aji huɗu muna da malamin lissafi, ɗan mazan jiya ne, ya je yaƙin ƙasar Bama, wadda yau ake kira Myanmar. Kullum da safe sai ya jera mu ya duba farce da wuyan riga, takalminsa kuwa kina iya ganin fuskarki a ciki. Shi yake fiƙe mana fensir da reza, ɗaya bayan ɗaya, ya busa ƙurar, ya miƙa wa mai shi ba tare da ya ce uffan ba. Wata rana da damina hadari ya taso, iska ta bugo ƙyauren ƙarfe na ajinmu, garam! Kafin mu ɗago kai Malam yana kwance rub da ciki a bayan tebur. Ajin ya kwashe da dariya, ni ma ina ciki. Ya tashi, ya karkaɗe gwiwarsa, allin da ke hannunsa ya zama gari. Ya ɗauki wani, ya juya ga allo, ya ci gaba da lissafin daga inda ya tsaya. Har yau ina ganin lamba bakwai ɗin da ya rubuta, a karkace, saboda hannunsa na rawa. Bai daki kowa ba ranar, bai kuma taɓa tayar da maganar ba.

Sai da na girma na karanta cewa runduna biyu ta sojojin Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, Ingila ta kai can a yaƙin duniya na biyu, kuma a 1944 'yan runduna ta 81 sun ratsa kwarin kogin Kaladan, dajin da mota ba ta shiga, kaya a ka, guzuri sai jirgin sama ya jefo. Da na fahimci abin da na yi wa dariya, na tashi nemansa in roƙi gafara, na tarar ƙasa ta riga ta rufe masa ido. Shi ya sa tambayarki ba zan amsa ta da sanyin jiki ba.

Mu fara da shawarar yayanku. Na san ƙauna ce ta sa ya faɗa, yana son jikoki su yi alfahari da kakansu. Amma kada ki karɓa. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta, Manzon Allah (SAW) ya ce ta tabbata. Aka wuce da wata suka ambace ta da sharri, ya ce ta tabbata. Sannan ya bayyana cewa Aljanna ce ta tabbata ga na farko, wuta ga na biyu, ya ce musu su ne shaidun Allah a bayan ƙasa. To, kin ga matsayin da biron nan ya ɗora ki, na mai ba da shaida. Maroƙi yana iya ƙara gishiri a tafa masa, mai shaida kuwa abin da ya gani ko ya ji daga amintacce shi ne iyakarsa. Sannan ki tuna da sunayen nan da Baba yake kira da tsakar dare. Mutane ne masu iyaye da 'ya'ya. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ya yi bajintar da gaske bai dawo ba. Mutumin da ya haɗiye labarinsa tsawon rayuwarsa bai taɓa cika baki ba, ba zai so a ɗinka masa rigar wani bayan ransa ba. Kuma batun babu mai ƙaryatawa, ramin ƙarya ƙurarre ne: tsoffin sojoji suna gane labarin da aka ƙaga tun daga layin farko.

Wannan ba ya nufin shafin soja zai zauna fayau. Akwatin nan yana magana in kin iya sauraro. Ki shimfiɗa takardar sallamar a wuri mai haske ki kwafe duk abin da ke jikinta: lambarsa ta soja, muƙaminsa, bataliyarsa, ranar shiga da ranar fita, da shaidar hali in an rubuta. Ki juya bayan hoton, sau da yawa akan sami kwanan wata ko sunan gari. Shuɗiyar hular ta dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ce. Kwango ta sami 'yancin kai daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni 1960, ba a yi mako biyu ba sojojinta suka yi bore, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle a ƙarƙashin Moise Tshombe. A watan Yuli Majalisar ta fara tura dakaru, har adadinsu ya kai kusan 20,000 daga ƙasashe da dama. An kashe firaminista Patrice Lumumba a Janairun 1961, a Satumban shekarar kuma babban sakataren Majalisar, Dag Hammarskjöld, ya mutu a haɗarin jirgin sama kusa da garin Ndola, a Zambiya ta yau, yana kan hanyar sulhu. Aikin bai ƙare ba sai a Yunin 1964, kuma Janar Aguiyi-Ironsi ne kwamandan rundunar na ƙarshe. Ki rubuta wannan a taƙaice, ki ce a cikin wannan guguwar aka jefa saurayin da ke hoton. Daga nan ki faɗi gaskiya da bakinki: abin da ya gani a can bai gaya mana ba. Jikan da ya karanta wannan layin zai daɗe yana kallon hoton.

Yanzu ga maganar yayarki, ita ce ta fi nauyi. Tana da hujja a wani ɓangare. Nana A'isha ta ruwaito, yana cikin Buhari, cewa Annabi (SAW) ya hana zagin matattu domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Duk wani zunubi ko kuskure na mamaci da Allah ya rufa, ba aikin ɗa ba ne ya yaye. Amma ina tambayar yayarki: firgitar dare laifi ce? Rauni ne, irin na harsashi, sai dai shi ba ya barin tabo a fata. Likitocin Ingila sun fara rubutu a kansa tun 1915, lokacin da sojoji ke dawowa daga ramukan yaƙin duniya na farko jiki na ɓari alhali babu inda aka harbe su. Da yawa an ɗauke su matsorata. Sai a 1980, bayan sojojin Amurka sun dawo daga Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa wannan rauni cikin jerin cututtukan da aka sani: mugun mafarki mai maimaituwa, zabura da ƙaramar ƙara, gudun duk abin da zai tuno da abin da ya faru, da saurin fushi. Ki sake karanta jerin nan a hankali, 'yata. Shirun Baba yana ciki, wataƙila wani kaso na zafinsa ma yana ciki.

Ni a ganina dararen nan su ne zuciyar littafinki. Mutum ya farka zuciya na dukan uku-uku, gumi ya jiƙe shi, bai nufi kwalba ba, bai huce a kan matarsa ba, ya lalubi buta cikin duhu ya fuskanci alƙibla. Gari ya waye ya ɗauki rajista ya tafi ya tsaya gaban yara arba'in. In kika rubuta "Baba mai tsoron Allah ne" kin faɗi abin da ake faɗa wa kowane mamaci. In kika rubuta ƙarar ruwan alwalarsa da ƙarfe biyun dare kamar yadda kike jinta daga ɗakinku, jikokinsa za su san wane ne kakansu. Sharaɗi ɗaya zan kafa miki: in mahaifiyarku tana raye, izini a hannunta yake. Ita ta kwana kusa da wannan firgitar shekara da shekaru, sirrin nata ne kamar yadda yake nasa. In ta ce a bari, ki bari, ki rubuta shi a takarda daban ki ajiye a akwatin.

Zafinsa kuma kada ki goge shi, don duk wanda ya san shi zai ce wannan ba Malam ba ne. Ki kawo rana ɗaya da kika gani da idonki, abin da aka yi, abin da ya ce, da abin da ya biyo baya, ki bar hukunci. In akwai wanda a cikinku har yanzu yake jin ciwon wani abu da ya faru tsakaninsa da Baba, wannan zama ne na 'yan'uwa a ɗaki, a yi kuka a yafe. Littafin jikoki ba zai iya ɗaukarsa ba.

Abin da ya ba ni mamaki a takardarki shi ne shekara talatin ta koyarwa layi ɗaya kika ba ta, alhali ke ma malama ce. Yi lissafi: yara arba'in a shekara, sau talatin, sun haura dubu. Suna nan da ransu, wasu da furfura. Ki neme su. Amma kada ki tambaye su wane irin mutum ne, don amsa ɗaya za ki samu, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa. Ki ce: me ya taɓa yi maka da ba ka manta ba? Nan za ki ji wanda ya tsaya da shi bayan an tashi har ya iya rabawa, da wadda ya taka har gidansu ya roƙi mahaifinta kada a cire ta daga makaranta, da wanda ya sha bulalarsa yana yi masa addu'a yau. Irin mutanen nan sukan ɓoye alherinsu ko ga iyalinsu, sai bayan rai yake fitowa daga bakin waɗanda aka yi wa. Ƙarƙashin kowane labari ki rubuta wanda ya ba ki shi, kuma ko gani ya yi ko ji, yadda malaman hadisi suka koya mana. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muslim ya ce aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa sai abu uku: sadaka mai gudana, ilmin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Duk lokacin da ɗaya daga cikin yaran nan ya karanta takardar magani daidai ko ya koya wa ɗansa baƙi, na biyun yana gudana zuwa ga Baba.

Akwai kuma abokansa. Abdullahi ɗan Umar ya taɓa haɗuwa da wani baƙauye a hanyar Makka, ya sauka daga jakinsa ya ba shi, ya cire rawanin kansa ya ƙara masa. Abokan tafiyarsa suka ce ai ɗan kaɗan ma ya ishi irin waɗannan. Ya ce mahaifin mutumin nan masoyin Umar ne, kuma ya ji Annabi (SAW) yana cewa mafi girman biyayya ita ce ɗa ya sada zumunci da masoyan mahaifinsa. Saboda haka in kin sami labarin wani da suka yi bariki ɗaya da Baba, ki tafi da yayanku ku gaishe shi, ziyarar kanta ibada ce. Ku nuna masa hoton, ku ambata masa sunayen da kuke ji da dare, sannan ku yi shiru. In ya buɗe baki, ku rubuta. In idonsa ya ciko ya kau da kai, kada ku matsa masa, ku yi masa godiya ku taso. Mutanen da suka je Kwango yanzu duk sun haura tamanin, don haka kada ki ce sai an yi hutun makaranta.

Ki fara da mahaifiyarki, cikin makon nan. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ki cika wayarki da caji, ki nemi izininta ki kunna ɗaukar murya ki ajiye a gefe inda ba za ta riƙa kallonta ba. Kada ki fara da yaƙi, kada ki fara da dararen. Ki ɗauko hoton nan mai shuɗiyar hula ki sa mata a hannu, ki tambaye ta ranar da ta fara ganinsa, wace riga ce a jikinsa.