Jar wutar birki da tayar baya da ta jiƙe

Ka tambaye ni kan Hilux ɗin nan da ta zo daga Mashi: jar wutar birki ta ƙi mutuwa a dashbod ko an sauke birkin hannu, tayar baya ta hagu ta jiƙe daga ciki, direba kuma ya matsa a ƙara masa man birki ya kama hanya. To, yaro, kar ka ƙara tukuna.

Fara da abin da bai cin kuɗi. Akwai ɗan makunni a gindin birkin hannu, ƙura kan maƙale shi, sai wuta ta zauna alhali lafiya lau. Ja ka saki, ka duba wayarsa. Idan ba shi ba ne, buɗe bonet ka leƙa robar man birki. A cikinta akwai wani abu mai yawo a saman mai, da zarar mai ya yi ƙasa shi ke kunna wutar. Motar dizal kuma tana da ƙarin dalili: in famfon da ke zuƙe iska domin sassauta birki ya yi rauni, wutar kan kama, ka ji feda ta yi tauri. Wuta ruwan ɗorawa mai rubutun ABS, wato na'urar hana taya kullewa in an taka birki, daban ce, yawanci sensar taya ce ko wayarta.

Man birki ba ya ƙonewa kamar na inji. In ya ragu, wani wuri ya tafi. Ko fad ɗin gaba ya cinye, fistin ya fito waje, mai ya bi shi, ko kuma yoyo ne. Wanda ya cika roba ya sallami mota, wutar kawai ya kashe.

Yanzu tayar nan. Ɗaga motar, sa mata abin tokara, kar ka yarda da jak shi kaɗai. Cire durom, dangwali jiƙon da yatsa ka shinshina. Man birki ba shi da kauri, in ka zuba masa ruwa wankewa yake. In shi ne, robar silindar tayar ta mutu, ka gano abin da ya kunna wutarka. Man giya kuwa yana da kauri, ga warin farar wuta, ruwa ba ya taɓa shi. In wannan ne, oyil sil ɗin aksil ya saki, man difarenshal, wato tukunyar giya da ke tsakiyar aksil, ke bin shaf yana shigowa durom. Shu ɗin birkin da ya sha mai an gama da shi. Masu wanke shi da fetur su mayar, ni ban yarda da aikinsu ba. A sauya, kuma hagu da dama tare.

Kafin ka sa sabon sil, nemi ɗan bututun shan iska da ke saman aksil. Motocin da ke bin hanyoyin ƙauye ranar kasuwa, laka da ƙura kan toshe shi. Aksil ya yi zafi, iska ta rasa mafita, sai ta tura mai ta sil. Ka bar shi a toshe, motar za ta dawo maka da yoyon nan.

Wajen sauya man difarenshal ɗin, kwance notin cikawa na sama da soket 24 kafin na zubarwa, kar ka zubar da mai na sama ya ƙi kwancewa. Notin ƙasa yana da maganaɗisu. Baƙin gari mai laushi ba komai, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe, kira ni kafin ka rufe. Man da ya fito fari-fari kamar koko ya sha ruwa, an ratsa rafi da damina ke nan. Zuba man giya GL-5, lambar da littafin motar ya faɗa, motar tana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, har ya fara dawowa ta bakin ramin. In ka ga takardar LSD, wato difarenshal mai hana taya ɗaya juyawa ita kaɗai a santsi, manne a jikin aksil, man LSD za ka aika a sayo, in ba haka ba, motar za ta riƙa gurnani a kwana.