Ku Tambaye Mu: Zi Ain, Ƙauyen Da Ke Kan Farin Dutse

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu mazauna Jidda ne, kuma duk hutu Ɗa'ifa muke zuwa har yara sun gundura. An ba ni labarin ƙauyen Zi Ain a yankin Baha. Ya kai a sha wahalar hanya dominsa? Wace hanya ta fi?
Wani magidanci daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ya kai, in dai an zaɓi lokaci. Da an ce Baha sai mutane su ɗauka sanyi ne, alhali Zi Ain a gangare take, ɓangaren Tihama, wato ƙasar da ke gindin tsaunuka ta wajen teku, kimanin kilomita 24 daga birnin Baha a kan hanyar Makhwa. Da bazara zafinta ba wasa. Ku je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, ku isa da hantsi ko bayan la'asar.

Hanya biyu ce. Ta bakin teku, wato Lis, Muzailif, Makhwa, shimfiɗaɗɗiya ce, ita muke ba mai iyali shawara. Ta sama kuwa ta Ɗa'ifa ce zuwa Baha, sannan a gangaro ta Aƙabar Sarki Fahad, hanyar gangaren tsauni mai kwanoni da ramukan da aka huda a dutse. A nan direbobi ke yin kuskure: su ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin ya yi zafi ya daina kamawa. Ka sa ƙaramin giya, injin ya riƙe motar. In hazo ya sauko ko hadari ya haɗu, ka haƙura da gangaren, kada kuma ka ajiye mota a cikin kwari, domin ruwan tsauni ba ya sallama. Akwai birai a gefen titi. A rufe gilashi, kada yara su miƙa musu abinci.

Abin kallon shi ne gidajen dutse masu hawa biyu zuwa huɗu, an jera su kan wani farin dutse, tsakaninsu 'yan lunguna da matakala. A gindinsa akwai idon ruwan da ƙauyen ya ci sunansa, yana shayar da gonakin ayaba, lemun tsami da kadi, wani tsiro mai fure mai ƙanshi. A 2015 Saudiyya ta sa shi a jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya. Awa biyu sun isa a zagaye shi. Mai ciwon gwiwa ya zauna a inuwar gonaki, matakalar ba ta tsofaffi ba ce.

TAMBAYA: Me ake ci a can wanda babu a Makka? Ba na son mu yi doguwar tafiya mu ƙare da kabsa, shinkafa da naman da muka saba ci. Kuma yaya ake yin dagabis?
Wata uwargida daga Makka

AMSA: Hajiya, kada ki dogara da samun abincin gargajiya a cikin ƙauyen kansa, a Makhwa, Baha ko Baljurashi za ki neme shi. Ki fara da muƙanna, ƙatuwar gurasar alkama da ake gasawa kan faffaɗan dutse mai zafi, a kife ta da murfi, a zuba garwashi a kai. Da man shanu da zuma ake cinta, tana da ɗumi. In kin dace da rana, kasuwar Makhwa Talata take ci, ta Baljurashi Asabar, kuma da sassafe ake samun kayan kirki. Zumar magarya, wadda suke kira sidir, ita ce mai tsada. Ki ɗanɗana kafin ki biya, kuma wadda aka yi miki tayi da araha a bakin titi, ki wuce ta.

Dagabis kuwa ɗan uwan ɗanwake ne, sai dai da alkama ake yinsa, kuma a romo yake dahuwa. Ki samu garin alkama marar cirewar dusa kofi 3, gishiri ƙaramin cokali 1, ruwa kofi 1 da ɗan ƙari. Ki murza ya yi tauri, ya fi kwaɓin burodi ƙarfi, ki rufe shi minti 30. Kafin nan naman rago kilo 1 ya dahu da albasa da tumatir. Ki tsame naman, ki bar romon yana tafasa. Ki faɗaɗa curi-curi kamar tafin hannu, kaurinsu bai wuce yatsa ba, ki riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya. Minti 30 zuwa 40 a wuta matsakaiciya.

Abu biyu ke ɓata shi. In romon bai tafasa ba kika saka, sai ya narke ya zama kunu. In ya yi kauri, waje ya dahu ciki ɗanye. Kada ki juya da ludayi a mintuna goman farko, girgiza tukunyar ya wadatar. Ki tsaga guda ki duba. In babu farin gari a tsakiya, a sauke a zuba romo da man shanu.