Modem ya yi shiru bayan sabunta Linux: a sayi sabo ko a dakata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da kwamfutar wata makarantar kuɗi a Zariya. Muna da tsohon modem na GSM, Siemens TC35i mai kafar siriyal, da shi muke tura wa iyayen yara saƙon tes ta manhajar Gammu. Da adafta muke jona shi a USB. Na ɗaga Ubuntu, nau'in Linux ɗin da muke amfani da shi, zuwa 22.04, sabon kanel ya hau, tun ranar ko saƙo ɗaya bai fita ba. Mai gyara ya ce modem ɗin ya ƙone. Wane iri zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗin makaranta aljihu tukuna. Na'urar da take aiki lafiya jiya, ta tashi mutuwa daidai ranar da ka taɓa manhaja? Da wuya. Kanel shi ne tsakiyar Linux, shi ke magana da kayan ƙarfe ta hanyar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa kowace na'ura, in ya canza sai wata magana ta katse alhali ƙarfen lafiyarsa ƙalau.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. Kunna kwamfutar kana danne da Shift, ko ka riƙa taɓa Esc, har jerin GRUB, wato menun zaɓen kanel kafin Ubuntu ya tashi, ya fito, ka zaɓi tsohon kanel, don yawanci Ubuntu yakan bar shi. In modem ya farfaɗo, matsalar direba ce. Sau da yawa kunshin linux-modules-extra na sabon kanel ne bai sauka ba, kuma a cikinsa direbobi da dama suke. Sauke shi, ka sake kunnawa.

In bai farfaɗo ba, zargina ya fi karkata ga adaftar nan. Buɗe tamina, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta sudo dmesg -w don ganin saƙonnin kanel, ka zare kebul ɗin, ka mayar, idonka a kan allo. Ya kamata ka ga ttyUSB0, sunan da Linux ke ba adaftar, ya bayyana. Idan ya bayyana, nan take kuma aka ce an cire shi, ga sunan brltty a kusa, to ka kama ɓarawonka. Brltty manhaja ce ta makafi masu karatu da allon Braille. Akwai wani allon da lambar shaidarsa ta USB ta zo ɗaya da ta cif ɗin CH340, wato 1a86:7523, cif ɗin da ke cikin adaftoci masu araha da yawa. Sai brltty ya ɗauka nasa ne, ya ƙwace. Wannan ya wahalar da mutane sosai a 22.04. In babu makaho mai amfani da kwamfutar, cire brltty, shi ke nan.

Wani lokaci kuma suna ne kawai ya sauya: jiya ttyUSB0, yau ttyUSB1, Gammu na ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa. Sa wa Gammu sunan da ke cikin /dev/serial/by-id, shi ba ya yawo. Ka kuma duba ko kana cikin rukunin dialout, wato masu izinin amfani da kafar siriyal.

Sannan ka tambayi modem ɗin da bakinsa. Tsayar da Gammu da ModemManager (manhajar Ubuntu mai kula da modem), buɗe minicom, manhajar aika wa modem umarni kai tsaye, gwada gudun 9600 ko 115200, ka rubuta AT. In ya amsa OK, yana raye, sai mai gyara ya nemi wata magana. AT+CSQ zai nuna ƙarfin sabis daga 0 zuwa 31, 99 kuwa bai ji komai ba, ka duba eriya da layin.

In dole sai an kashe kuɗi, ni adafta zan fara saya, mai cif ɗin FTDI, direbanta yana cikin kanel tun tuni. A kula dai, jabunta sun cika kasuwa. Sabon modem sai wanda kake da shi ya ƙi cewa OK a wata kwamfutar da wani kebul. Ranar kuwa kada ka sake sayen mai 2G kaɗai irin TC35i. Singafo ta rufe 2G tun 2017, wasu ƙasashe sun bi, nemi mai 4G wanda ke karɓar umarnin AT.

Tambaya: A Jamus nake aiki, ofishinmu har yanzu yana aika faks da modem na cikin kwamfuta. Duk sabon kanel sai ya daina aiki. Ina mafita?

Amsa: Hajiya, da alama Winmodem ne, irin wanda rabin aikinsa manhaja ke yi, direbansa kuma rufaffe ne, an ɗinka shi daidai jikin kanel guda. Masu irin su Conexant da Lucent sun sha wannan tun hijira daga kanel 2.4 zuwa 2.6, wanda ya fito a Disambar 2003. Ba zan ce ki ci gaba da faci ba. Sayi na waje mai kafar siriyal mai haƙora 9, ko na USB da Linux ke gani a matsayin ttyACM0, kuma kafin ki biya ki tabbatar an rubuta a kwalinsa cewa yana aika faks.