Amsar Maigida Ga Yaronsa Kan Zaɓen Akwati Da Sanyaya Kwamfuta

Ɗana, jiya bayan la'asar muna shirin rufe shago ka ce mini kuɗin da ka daɗe kana tarawa sun isa ka haɗa kwamfutarka ta farko da hannunka, kuma ka ga wani akwatin kwamfuta mai gilashi gaba da gefe da fitilu masu sauya launi, kana so ka ji ko ka saye shi ka haɗa masa da na'urar sanyayawa ta ruwa. Ban amsa maka a tsaye ba domin maganar ta fi ƙarfin bakin ƙofa, shi ya sa na zauna na rubuta maka, don ka karanta a natse kafin ka shiga kasuwa.

Abu na farko da nake so ya zauna maka shi ne, kusan duk wutar da kwamfuta ta sha zafi take komawa. Idan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, tana jan wat 65, katin hoto mai sarrafa abin da ke fitowa a allo kuma yana jan wat 200, to zafin wat 265 ne ke taruwa a cikin wannan akwati muddin tana aiki tuƙuru, ban da na sauran kayan. Fanka kuwa ba ta ƙirƙirar sanyi, aikinta kawai ta kwashe zafin ta zuba shi cikin iskar ɗaki, saboda haka babu fanka ko lagireton da zai sa firosesa ta fi iskar ɗakin sanyi. Nan ne halinmu ya bambanta da na mutanen da kake kallo a intanet suna gwada kaya. Yawancinsu a ɗaki mai sanyi suke gwaji, inda zafi bai wuce digiri ashirin da 'yan kai ba, mu kuwa a Kano, idan bazara ta kankama a watan Afrilu, zafin rana yakan kai digiri 40, ga rufin kwano, ga wutar da ba lallai ta zo ba balle a kunna na'urar sanyaya ɗaki. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasu, kusan shi zai hau kan abin da firosesarka za ta nuna. Yawancin firosesar Ryzen ta jerin 7000 iyakarta digiri 95 ne, da yawa daga na Intel kuma 100, kuma idan ta kai nan sai ta rage gudunta da kanta don kada ta lalace. Ka ga ke nan ka biya kuɗin gudun da ba za ka mora ba.

Kafin maganar iska, ka fara da awo, domin akwatin da kayanka ba su shiga ba, ba shi da wani amfani komai kyansa. Tsarin awon ATX na akwati da madabod, wato babban faifan da sauran kayan ke hawa kansa, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, shi ake bi har yau. Madabod ɗin ATX milimita 305 ne da 244, na microATX 244 da 244, ƙaramin Mini-ITX kuma 170 da 170. Babban akwati yana karɓar ƙaramin madabod, amma ƙaramin akwati ba ya karɓar babba. Shawarata a haɗin farko ita ce ka ɗauki matsakaicin akwati mai cin ATX, ko da madabod ɗinka microATX ne, domin hannunka bai saba ba tukuna, kana bukatar fili inda yatsunka za su shiga su fita ba tare da ka lanƙwasa wani abu ba.

Bayan madabod akwai awo biyu da suka fi kunyata masu koyo. Na ɗaya tsayin ƙarfen da ke tsotse zafin firosesa: akwai irin su Noctua NH-D15 da ke kai milimita 165, alhali akwatuna da yawa ba su da wannan faɗin, sai ka gama ɗaurawa murfin gefe ya ƙi rufuwa. Na biyu tsawon katin hoto, domin manyan katunan yanzu sukan wuce milimita 300. Kamfanonin kirki sukan rubuta waɗannan iyakoki a takardar akwatin, wanda bai rubuta ba kuwa, ka sa tef ka auna da kanka a gaban mai shagon, babu abin kunya a ciki.

Yanzu ga akwatin da ya ɗauki hankalinka. Ban ƙi gilashin gefe ba, domin ba ta gefe iska take shiga ba a yawancin akwatuna. Gilashin gaba ne nake ja da shi. Iska tana bukatar hanya miƙaƙƙiya, ta shigo ta gaba, ta bi ta kan katin hoto da firosesa, ta fita ta baya da sama. Idan an toshe gaban da gilashi aka bar 'yar siririyar kafa a gefe, fankoki uku za su yi ta juyawa suna haske amma abin da suke jawowa kaɗan ne. An taɓa kawo mini wata kwamfuta da mai ita ya ce tana rage gudu duk sa'ad da yake haɗa bidiyo, ya riga ya yanke cewa firosesar ce ta samu matsala. Ban canza masa komai ba, murfin gaban kawai na cire na ce ya sake gwadawa, sai aikin ya tafi daidai. Don haka ka nemi akwati mai gaban raga, irin wanda idan ka ɗaga shi ka duba kana hango haske ta cikinsa.

Fankoki biyu ko uku a gaba suna shigo da iska, ɗaya a baya tana fitarwa, sun wadatar da haɗi irin naka. Idan akwatin yana cin fanka mai milimita 140 ka fifita ta kan mai 120, domin tana tura iska daidai da ita a juyi kaɗan, ƙararta kuma ba ta kai ba. Mai ƙafa huɗu a filogi ta fi mai uku sauƙin sarrafawa daga madabod. Wajen ɗaurawa ka lura cewa iska tana fita ne ta fuskar da ke da sandunan da suka riƙe motar fankar, kuma wasu suna da 'yar kibiya a gefe.

Dalilin da ya sa na ce masu shigarwa su fi masu fitarwa yawa shi ne ƙura, kuma a wurina wannan ce maganar da ta fi kowace nauyi a ƙasarmu. Idan iskar da ake turawa ciki ta fi wadda ake zuƙewa, ragowar sai ta riƙa fita ta ƙananan ramuka da kafofin akwatin, ƙura ba ta samun hanyar shiga sai ta gaba, inda matata take jiranta. Idan kuwa masu fitarwa suka rinjaya, akwatin zai riƙa zuƙo iska ta kowace kafa da ba ta da matata. Ka ga yadda teburin shago yake wayewa da ƙura lokacin hunturu ko da mun share shi da dare. Wannan hazon idan ya shige tsakanin siraran ƙarafan tsotse zafi yakan daskare kamar bargo, iska ta kasa ratsawa. Saboda haka ka duba cewa akwatin yana da matata a gaba da ƙasa, kuma irin wadda ake zarewa a wanke ba sai an kwance noti ba, domin matatar da cire ta ke da wahala ba za ka riƙa wanke ta ba. Kada ka ajiye kwamfutar a ƙasa kan darduma ko kafet, musamman da yake fankar fawa fak, wato na'urar da ke rarraba wa kayan wuta, ta ƙasa take shaƙar iska a yawancin akwatunan yanzu. Idan za ka hure ƙura da bulawa, ka kashe wuta, ka dafe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima.

Game da na'urar ruwa, ba zan ce maka ba ta aiki ba. Tana aiki, kuma ga firosesar da ke jan wat 200 ko fiye, lagireto mai milimita 360 yana da hujja. Amma ka tuna ruwan ma iskar ɗaki ce ke sanyaya shi a lagireto, kamar dai na mota. Sannan tana da famfo, famfo kuwa yakan mutu, ruwan ma yakan ragu a hankali cikin shekaru. Ranar da famfon ya tsaya, cikin ɗan lokaci kwamfutar za ta ɗau zafi ta kashe kanta, kuma sai ka sayi sabuwar na'ura ɗungurungum. Ƙarfen tsotse zafi kuwa babu abin da ke motsi a jikinsa sai fanka, idan ta mutu ka sayi wata mai milimita 120 ka maƙala. Ga firosesa irin wadda ka ce za ka saya, mai wat 65, ƙarfe mai tsaye da fanka ɗaya ya ishe ka har da rara, ragowar kuɗin kuma ka ƙara a kan fawa fak mai inganci. A nan ma ina jan kunnenka game da fawa fak ɗin da ake bayarwa kyauta a cikin akwati mai araha, domin da irin wutar da muke samu, ba wurin yin tsimi ba ne.

Ranar ɗaurawa ka tabbata ƙarfen ya zo da maɗaurin da ya dace da mazaunin firosesarka, ko AM4 ne, ko AM5, ko LGA 1700. Ka ɓare ledar da ke manne a ƙasansa, domin na sha buɗe kwamfutar da ke zafi na tarar da ledar tana nan. Man da ake sa wa firosesa don zafinta ya ratsa zuwa ƙarfen, kamar ƙwayar wake ya isa a tsakiya, sannan ka ɗaure notocin kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai wadda ke kallonta, har su zauna daidai. Filogin fankar ya shiga wurin da aka rubuta CPU_FAN. Idan ta tashi, ka sa ta aiki mai nauyi na rabin awa da tsakar rana, murfi a rufe, kana duban zafinta.

Gobe in Allah ya kai mu, ka zo da sunan madabod da katin hoton da ka zaɓa a rubuce, mu fitar da awonsu tare, sannan ka ɗauki tef ɗin shago ka tafi da shi kasuwa.